Wanda Ya Buɗe Taga

A sashen kowa Mikiya yake ce masa, tun daga Farfesa har mai shara, kuma saboda ido ne. Ya fi shekara ashirin a kujera ɗaya, goshinsa manne da madubin ƙara girma, yana ƙirga garin fure. Da wanke kwalabe ya shigo wurin, ba shi da wata takardar kirki, amma sunan nan ya fiye masa kowace takarda. In ya biyo baranda ɗalibai sukan matsa masa hanya, shi kuwa ba kowace gaisuwa yake amsawa ba.

Aikin ba wani asiri ba ne. Akwai tafki mai zurfi can cikin duwatsu. Farfesa da mutanensa sukan haɗa kwale-kwale biyu, su shimfiɗa katako a kai, su kafa ƙarfe, su yi ta soka bututu a gindin ruwan suna zaro laka. Lakar sama ta jiya-jiya ce, ta can ƙasa kuwa ta kwanta tun kafin kakan kakan kowa. Kowace shekara iska takan kwaso garin furen duk abin da ya tsiro a kewaye ta zuba a ruwa, ya nutse, sabuwar laka ta danne shi. Ɓawon garin nan ba ya ruɓewa. In an kawo bututun sai a tsaga shi biyu, rabi a ajiye a ɗakin sanyi, rabi a dinga gutsura ana dafawa da asid har komai ya narke sai ɓawon. Abin da ya rage a ɗiga a ɗan gilashi, a rufe, a sa a madubi a ƙirga: na ciyawa nawa, na itace nawa. Da haka suke cewa ga lokacin da daji ya yi kauri, ga lokacin da ya mutu, ga kuma zamanin ƙanƙara, sa'ad da rabin duniya ta daskare, nan kuma ruwan sama ya ɗauke ƙafa, ciyawa ta cinye ko'ina.

Ɗakin da ake haɗa gilasan yana da doka ɗaya: ba a buɗe taga. An shafe ta da farin fenti, an liƙe bakinta da salatif. Garin furen bana yana yawo a iska, in ya faɗa cikin lakar da, to duk abin da ka ƙirga ƙarya ne. Mikiya ya taɓa korar wani ɗalibi daga ɗakin don kawai ya jingina da ita.

Idon Mikiya na hagu ne ya fara lalacewa. Gefe-gefe ya dinga rufewa, kamar mutum yana leƙe ta cikin bututu, sannan tsakiyar ma ta yi kamar an shafa mata mai. Da na dama ya bi sahu, sai ya hau mota ya tafi wani asibiti can ƙarshen gari inda ba wanda ya san shi. Likitan ya haska, ya auna, ya ce jijiyar ce take mutuwa, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya saura ne za a lallaɓa da magani. Ya tambaye shi sana'arsa. Mikiya ya ce direba ne ya yi ritaya. Maganin ɗigawar kuwa a cikin tsohon takalmi ya ɓoye shi a bayan kwaba.

Ƙirga ba ta ba shi wahala sosai ba. Wanda ya shekara ashirin da lakar tafki ɗaya ya san abin da kowane zurfi yake bayarwa, in ya ga inuwa mai zagaye ya ce ciyawa, mafi yawan lokaci ciyawar ce. Haɗa gilashin ne ya gagare shi. Ɗigon bai kai ƙwayar gero ba, murfin kuma ya fi ɓawon albasa sirantaka, fitilar ɗakin ba ta ishe shi ba. Sai ya koma riga kowa zuwa. Ya ɓare salatif a hankali, ya tura tagar, ya jera kayansa a bakinta, ya yi aikinsa da hasken safiya, ya rufe, ya mayar da salatif. Bayan tagar akwai wata doguwar bishiya mai ganye kamar allura, irin ta tsaunuka masu sanyi, wani tsohon shugaban sashe ya dasa ta don ado. Akwai kwanakin da ya ji wani gari mai laushi a bakin tagar a ƙarƙashin yatsunsa. Da hannun riga ya share.

A daidai wannan lokaci babbar 'yarsa take aikin digirinta na ƙarshe a sashen. Shi ya shigo da ita, shi ya kai ta ofishin Farfesa tana ƙarama da littattafai a ƙirji, kuma Uwata yake ce mata don sunan mahaifiyarsa gare ta. Farfesa ya ba ta yanki mafi zurfi na bututun, lakar zamanin ƙanƙara kanta. Mikiya ya ce ba wanda zai haɗa mata gilashi sai shi, hannun sauran duk na masu daka ne. Ita aikinta ƙirga.

Wata rana da hantsi ta kira shi daga kujerarta. Ta ce tana ganin wani iri da yawa, mai jiki ɗaya da kumburi biyu a gefe, wanda ɗalibai suke kira mai kunne. Na itacen tsauni ne, ba ya son fari, kuma ba wanda ya taɓa samunsa a wannan zurfi. In gaskiya ne, to a tsakiyar zamanin da kowa yake cewa ciyawa ce zalla, akwai daji mai sanyi da laima a bakin tafkin. Amma ta ce wani abu bai kwanta mata ba: ƙwayoyin sun yi ɓul-ɓul, kamar da abu a cikinsu, launinsu kuma ya fi na sauran haske. Ta tashi ta ba shi kujera.

Ya zauna, ya murɗa, ya murɗa. Inuwa ya gani, da wata inuwa a gefenta. Garin da yake sharewa da hannun riga a bakin taga ya faɗo masa a rai, ya ture. Ɗalibai biyu suna tsaye a bayansa suna jiran abin da Mikiya zai ce.

"Tsoho ne," in ji shi. "Lakar sanyi haka take riƙe abu. Ƙirga kawai."

Ta ce ko a nuna wa Farfesa tukuna.

"Yau kuma idona ne bai ishe ki ba, Uwata?"

Ta ƙirga. Wata da watanni tana ƙirgawa, shi yana haɗa mata, mai kunne yana fitowa a wasu gilasai ya ɓace a wasu, ita kuma tana zana layi tana cewa ga lokacin da dajin ya ƙaru, ga lokacin da ya ja baya. Farfesa da ya ga zanen bai ko nemi gilashin ba. Ya fara faɗa a taro, ya fara cewa ɗalibata, ya sa aka gayyato wata tsohuwar Dakta daga nesa, wadda ta fi kowa sanin itatuwan tsauni, ta zo ta yi mata jarrabawar baki.

Baƙuwar gajeriya ce, mai furfura, ba ta da yawan magana. Kafin ranar jarrabawa ta ce a ba ta gilashi ɗaya. Ta duba, ba ta daɗe ba, ta ɗago ta ce a zaga da ita bayan ginin. Ta tsaya a gindin bishiyar nan ta ɗaga kai, ta dubi tagar, ta dawo. Ta gaya wa Farfesa a gaban kowa cewa ƙwayoyin nan da cikinsu, asid bai taɓa su ba, ba daga tafki suka fito ba. Ta ce wanda ya fi tsufa a cikinsu bai kai shekara biyu a duniya ba. Wani ɗalibi ya yi dariya ya haɗiye. Aka ɗage jarrabawa, aka ce kwamiti zai zauna ya ji yadda aka yi.

Da yamma Farfesa ya kira Mikiya ofis, ya rufe ƙofa da kansa. Mutum ne mai tumbi da taushin murya, bai taɓa ɗaga wa kowa harshe ba. Ya ce ya san halin da idon yake ciki. Ya ce tun ranar da ya miƙa masa hannu daga gefen hagu hannun ya tsaya a iska ya sani, ya yi shiru ne don girman zama tare. Mikiya ya buɗe baki zai musa, Farfesa ya ɗaga tafi.

"Ba faɗa na kira ka ba, Malam. Lissafi za mu yi. Ɗaliba takan yi kuskure, a sallame ta, a manta. Amma in aka ce Mikiya ba ya gani, tambayar farko ita ce tun yaushe. Kowace takarda da na rubuta a kan ƙirgarka take tsaye. Za a tono su duka, ni da kai a kwance a ciki."

Mikiya ya tambayi abin da zai sami yarinyar. Farfesa ya ce in laifin mai haɗa gilashi ne, za a ba ta ɗaya rabin bututun daga ɗakin sanyi ta sake daga farko, shekara ɗaya ta ishe ta. In kuwa nata ne, ta gama, domin sana'ar ƙarama ce, kowa ya san kowa, ba inda za a ƙara ba ta madubi. Ya ce shi bai ce a yi kaza ba, uba ya fi kowa sanin 'yarsa. Sannan ya tambayi lafiyar iyali.

A hanyar gida Mikiya ya yi ta juya abin. Abin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne baranda: yadda zai biyo ta ɗalibai suna kallon ƙafarsa ko za ta yi tuntuɓe, mai shara yana kama masa hannu a matakala. Ya ce wa kansa yarinya ce, ƙuruciya gare ta, duniya a buɗe take mata. Shi kuwa in an cire sunan nan, mai wanke kwalabe ne ya tsufa.

Ta riga shi isa gida. Ya same ta a falo zaune a ƙasa kusa da kujerarsa, uwarta tana bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ta bari ya cire takalmi. Sannan ta ce ta san komai. Ta ce ta daɗe tana ganin yana sa yatsa a bakin kofi in zai zuba shayi, yana miƙa mata waya ta karanta masa wai rubutun ya yi ƙanana, kuma ta ga maganin a cikin takalmi ranar da take shara. Ta ce ba ta yi zaton abin ya kai taga ba, da ta karɓi haɗa gilashin a ɓoye ba wanda zai ji. Ta ce ciwo ba abin kunya ba ne, in ya faɗa da bakinsa za a sallame shi da mutunci, ita kuma ta sake aikin, ta sa sunansa a shafin farko.

"Ni ba zan faɗa ba, Baba," ta ce. "Ba zan iya tsayawa gaban mutane in ce ubana ba ya gani ba. Kai za ka faɗa."

Ya ce idonsa garau yake, ya fi nata da na tsohuwar da aka kwaso daga nesa. Ya ce shi ya kai ta wurin, da ba don shi ba ko bakin ƙofar sashen ba za ta gani ba, yau kuma ta yi karatu har ta fara binciken takalman ubanta. Matarsa ta ce ya ji tsoron Allah, yarinyar nan shekara nawa ba ta san hutu ba. Ya ce mata in tana da abin cewa a kan laka ta zo ofis gobe a ba ta kujera, in babu ta koma inda ta fito. Abincin da aka ajiye masa ya ci ya cinye.

Kwamitin ya zauna a ɗakin taro na sashen, dogon tebur, fanka tana kuka a sama. Farfesa a kai, baƙuwar a gefensa, mutum biyu daga ofishin makaranta, ɗaya yana rubutu. Madubi ɗaya a tsakiyar tebur da gilashin a ciki. Aka zaunar da uba da 'ya a gefe ɗaya, kujera ɗaya a tsakaninsu ba kowa.

Aka tambaye ta wa ya haɗa gilasan. Ta ce aikinta ne, ita da Baba. Baƙuwar ta ce ita ba wannan take son ji ba, wa ya buɗe taga. Yarinyar ta juya ta dubi ubanta. Bai ga fuskarta ba, tana gefen hagu. Motsin mayafinta kawai ya ji.

Ya gyara murya. Ya ce abin da zai faɗa ya fi masa nauyi da a yanke masa hannu. Ya ce ya sha zuwa da safe ya tarar da ita ta riga shi, taga a buɗe, gilasai a jere a baki, wai ɗakin zafi yake mata, warin asid yana sa ta ciwon kai. Ya ce ya yi mata faɗa, ta ce ba za ta ƙara ba, shi kuma zuciyar uba ta hana shi kai ƙara, wannan laifinsa ne ya ɗauka. Da ya tsaya nan, da sakaci za a kira abin. Amma ya ji ɗakin ya yi tsit suna saurarensa, ya ji bakinsa ya saki, sai ya ƙara. Ya ce ranar da mai kunne ya fara fitowa ta kira shi, ya duba, ya gaya mata sabo ne, na bana ne, kowane makaho zai gane. Ta ce masa ita ce mai digiri, shi mai wanke kwalabe ne, kuma wannan abu ne zai fitar da sunanta.

Idonsa ya daɗe yana zubar da ruwa in iskar fanka ta buga shi, ciwon ne. Ya sa hankici ya goge. Mai rubutun ya ajiye biro ya ce ya yi haƙuri, Baba, ya sha ruwa.

Sannan baƙuwar ta tura madubin zuwa gabansa, ta ce tunda ya gane tun ranar farko, ya nuna mata guda ɗaya, ya ajiye shi a tsakiyar haske. Kafin Mikiya ya motsa Farfesa ya jawo madubin baya, ya ce da murmushi ai wannan cin fuska ne, mutumin da ya koya wa rabin sashen gani, ga halin da yake ciki a kan 'yar cikinsa, ba za a yi masa jarrabawar 'yan aji ɗaya ba. Mutanen ofis suka ce gaskiya ne. Baƙuwar ta juya wurin yarinyar.

"'Yata, ki dube ni. Abin da mahaifinki ya faɗa, haka aka yi?"

Ɗalibai biyun da suka ji komai a ranar suna nan a baranda, kalma ɗaya ta isa a kira su. Agogon bango ma ya isa, in da za ta ce ya karanta shi. Mikiya ya san ta san haka. Ya zauna yana jin numfashinta.

"Ba ni da abin da zan ƙara a kan maganar Baba," ta ce.

Aka rubuta cewa ta san ƙarya ne ta ci gaba. Aka soke aikin, aka cire sunanta daga makaranta, aka ce ta miƙa mabuɗi da farar riga kafin ta fita. Baƙuwar ta ƙi sa hannu, ta tafi washegari, amma ba a buƙatar hannunta. Ɗalibai biyun kuwa digirinsu yana hannun Farfesa, ba wanda ya tambaye su, su ma ba su tuna komai ba.

A gida ba ta yi kuka a gabansa ba. Kwana kaɗan ta yi, kullum da safe ta zo ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ya ce lafiya lau, Uwata, ta tashi. Ta kwashe littattafanta ta ba mai sayen tsofaffin takardu, ta tafi wurin ƙanwar uwarta a wani gari, inda aka ce ta sami aikin jera kaya a wani kanti. Matarsa ta ci gaba da ajiye masa abinci a kan lokaci, ta ɗauke shimfiɗarta ta koma ɗakin da yarinyar ta bari.

A sashe daraja ta ƙaru masa. Mutane suna nuna shi suna cewa ga wanda ya zaɓi gaskiya a kan jininsa. Farfesa ya sa aka sare bishiyar, aka buga wa tagar ƙusoshi, aka sayo wa ɗakin babbar fitila. Haɗa gilashi kuma a hankali ya mayar da shi hannun wani, ya ce Malam ya girmi wannan, ƙirga ce tasa.

Da aka ɗebi sababbin ɗalibai, Farfesa ya ce Mikiya ne zai zaga da su, ya gaya musu dokar ɗakin, kuma ya ba su misali don ta zauna musu. Suka taru a bayansa da sababbin fararen riguna. Ya dafa tagar ya ba su labarin wata ɗaliba da ta gano daji a zamanin ƙanƙara, ashe dajin yana tsaye a bayan ofis ana ba shi ruwa da tiyo. Ya kwaikwayi muryarta, siririya, wai ɗakin zafi yake mata. Suka kwashe da dariya, har na baya suna tambayar me ya ce, ya maimaita. Ya ji daɗin yadda abin ya fito, ya ƙara masa gishiri.

Wata daga cikinsu da ba ta yi dariya ba ta tambaya ko ba a sami wani babba da zai ja mata kunne ba tun abin bai yi nisa ba.

"An ja," in ji shi. "Kunnen ƙashi ne da ita."

Ya sallame su, ya laluɓi bayan kujerarsa ya zauna. Wanda aka ba shi ya dinga rubuta masa ƙirga ya sa gilashi a madubi, ya ɗauki biro. Mikiya ya manna goshi, ya murɗa, ya fara kira. Ciyawa. Ciyawa. Itace. Ciyawa.